Babi na Bakwai: Idan Likita Ya Ce Akwai Ruwa a Ƙirji

Darasi na 1

Ku ɗora hannu a kan haƙarƙarinku, ku ja numfashi. Abin da kuka ji ya cika da iska shi ne huhu. Tsakaninsa da haƙarƙari akwai tantani mai ninki biyu, kuma wani lokaci ƙwayar tarin fuka takan sa ruwa ya taru a tsakiyarsu. Mai wannan ciwo yakan ji suka a gefe ɗaya idan ya ja numfashi, ga busasshen tari, ga zazzaɓi da gumin dare, ga rama. A nan Kaduna sai a ce sanyin hunturu ne, a wuce kemis. Idan tari ya kai mako 2, a je asibiti. Hoton ƙirji yakan nuna ruwan, amma ba ya faɗin abin da ya kawo shi. Sai an yi gwaji.

Mu karanta tare: hu-hu, ru-wa, ka-ki.

Darasi na 2

Za a ba ka 'yar roba mai murfi a ce ka kawo kaki. Kaki, ba miyau ba. Miyau a baki yake, kaki daga can cikin ƙirji yake tasowa, mai kauri. Da asuba, kafin karin kumallo, ka kurkure baki da ruwa, ka fita fili inda babu yara, ka ja dogon numfashi sau 3, ka yi tari da ƙarfi, ka tofa a robar. Cikin cokalin shayi ya isa. Ka rufe, ka wanke hannu. Iyayena mata, babu abin kunya a nan.

Darasi na 3

A nan nake so kowa ya natsu, don a nan ake faɗuwa. Wani lokaci ana duba kakin da madubin hangen ƙwayoyin cuta. Yanzu an fi sa shi a na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010. Cikin kamar awa 2 take gama aikinta, har ta nuna ko ƙwayar ta fi ƙarfin rifampicin, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka.

Sakamakon da Turanci yake zuwa. Ɗora yatsa a kan layin da ya fara da MTB, wato gajeren sunan ƙwayar tarin fuka. Idan DETECTED ce ta biyo baya, an ga ƙwayar. Idan akwai haruffa uku a tsakani, N da O da T, ba a gan ta ba. Rubuta su a littafinka. Sake rubutawa. Madalla, hannunka yana faɗawa.

To, "ba a gani ba" daban, "babu" daban. A irin wannan tarin fuka ƙwayoyin kaɗan ne ƙwarai a kaki da cikin ruwan, na'ura takan duba ta rasa alhali suna nan. Ka jefa ƙugiya a Kogin Kaduna ta fito wayam, sai ka ce kogin ba kifi? Don haka ko me takarda ta ce, mayar wa likita. Ku faɗa da ni: mayar wa likita.

Wani dattijo a ajinmu na yamma ya karanta haruffan nan uku da kansa, na yi murna, shi ma ya yi. Sai ya ninke takardar ya cusa a hula, ya ce Malam ai an wanke ni. Wata 2 bai koma ba, sai da hawa matakalar masallaci ya gagare shi. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Iya karanta takarda bai mai da kai likita ba. Ba a ajiye ta a hula, ba a sa ta ƙarƙashin katifa. Likitan da ya tura ka shi za ka mayar wa, a ranar da ka karɓa.

Darasi na 4

Likita zai iya kashe zafin wuri ɗaya a bayanka, ya sa allura ya zuƙo ruwan. Yawanci launin ɗorawa ne. Zauna cik, kada ka motsa. Ana auna wani sinadari a ciki mai suna ADA, ana kuma shuka ruwan a ɗakin gwaji a jira ƙwayar ta tsiro, mako 6 zuwa 8. Wani lokaci sai an gutsuro ɗan tantanin an duba. Gwaji mai wuya akan tura shi manyan wurare irin cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye a Zariya. Za a nemi ka yi gwajin ƙanjamau, ka yarda.

Darasi na 5

Likita yana iya fara maka magani tun shukar ba ta fito ba. Wata 6 ake sha, kullum, kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ko ka ji sauƙi kada ka daina.

Aikin gida: rubuta "mayar wa likita" sau 10.