Furen Balan-balan a Tsakar Gida: Kyanwa, Tukunya da Saiwar da Ake Ci

Kafin a yi maganar ko furen balan-balan yana cutar da kyanwa, sai an tabbata wane tsiro ake nufi, domin a nan mafi yawan ɓarnar take farawa. Wanda muke magana a kansa shi ne Platycodon grandiflorus, ɗan asalin Caina, Koriya, Japan da gabashin Rasha. 'Yan Koriya suna kiransa doraji, a Japan kikyo. Alamarsa ba ta ɓuya: kafin furen ya buɗe, toho ne yake kumbura ya cika da iska kamar balan-balan ɗin yara, daga baya ya tsage gida biyar ya zama tauraro mai faɗin santimita 5 zuwa 7, shuɗi mai ɗan jan algashi, ko fari, ko ruwan hoda. Ganyensa kore ne mai ɗan toka-toka, bakinsa da haƙora ƙanana kamar zarto.

A riƙe wannan da kyau: abin da ke kumbura a jikinsa toho ne, ba 'ya'ya ba. Tumfafiya, wadda ta cika filayen bayan Accra, ita ma tana da abu mai kumburi da iska, kuma ita ma farin ruwa take zubarwa idan an karya ta, amma nata 'ya'ya ne, kuma ruwan yana ɗauke da guba mai taɓa zuciya. Akwai kuma wata 'yar'uwarta da masu kayan ado ke sawa a cikin damin furanni, Gomphocarpus physocarpus, mai ƙwallaye kore masu gashi-gashi, ana kiranta da suna kusan iri ɗaya a Turance, ita ma guba ce. Masu sayar da furanni a bakin titi yawanci da sunan kasuwa suka san kayansu. Idan za ka saya, nemi ka ga toho ko furen da idonka, ko takardar iri mai ɗauke da sunan Latin. In babu ko ɗaya, bar shi.

Abin da yake yi wa kyanwa

Furen balan-balan ba ya cikin tsirran da ke kashe kyanwa. Idan ta ɗan ciji ganye ko ta fasa toho da farce, kamar yadda suke son yi don yana motsi a iska, galibi ba abin da zai biyo baya. Sai dai tsiron yana da sinadarin saponin, wanda ya fi taruwa a saiwa, shi ne mai sa ɗaci da kumfa idan an jiƙa ta. Kyanwa mai nauyin kilo 3 ko 4 idan ta ci da yawa, musamman saiwar, cikinta zai iya juyawa: dalalar miyau, amai, zawo, ƙin abinci na yini guda. Ɗacin yakan hana ta ci gaba, shi ya sa babbar kyanwa ba kasafai take kai wa nan ba. 'Yan ƙanana masu wata biyu zuwa shida su ne abin lura, don komai suka samu sai sun tauna.

Idan ka tarar ta ci, ɗauke tukunyar daga wurin, ka cire abin da ya rage a bakinta, ka goge da tsumma mai ɗanshi. Ajiye mata ruwa mai tsabta. Ɗaga mata abinci na 'yan sa'o'i, sannan ka ba ta kaɗan na dafaffen naman kaza ko kifi marar gishiri, marar albasa. Kada a ɗura mata manja, duk da cewa shi ne abin da aka fi gaggawar kawowa a gidajenmu, domin kyanwar da ke fizge-fizge tana iya shaƙe man ya shiga huhu. Kada a ba ta ruwan gishiri don ta yi amai, gishirin kansa guba ne a gare ta. Madara ma ƙara zawo take yi wa yawancin manyan kyanwoyi. Farasitamol kuwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

A nufi likitan dabbobi idan aman ya wuce sau biyu ko uku, ko an ga jini, ko ta kwanta ba ta ɗaga kai, ko jikinta na rawa, ko ta kai sa'o'i 24 ba ta ci komai ba. Ja fatar bayan wuyanta ka saki: in ba ta koma nan take ba, ruwan jikinta ya ragu. Tafi da reshen tsiron a leda, da kwalbar duk wani magani da aka fesa masa. A Accra akwai asibitin dabbobi na gwamnati a La, a Kumasi kuma jami'ar KNUST tana da makarantar likitancin dabbobi.

Mun ce a tafi da kwalbar magani ne saboda sau da yawa ba furen ne mai laifi ba. Maganin ƙwari mai sinadarin permethrin yana sa kyanwa jijjiga, hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar na kare. Ƙwayoyin kashe katantanwa masu metaldehyde, waɗanda ake barbaɗawa a gindin fure da damina, sun fi furen haɗari nesa ba kusa ba. Haka kafur da wasu ke jefawa a tukunya don korar kyanwar, da maganin goge ƙasa irin wanda ke mayar da ruwa fari kamar madara.

Kuma wanda ya damu da furen balan-balan ya fara duba sauran tsirran da ke maƙwabtaka da shi a baranda. Kariya, wadda ake so don jan furenta da kumburarren gindinta, gubar zuciya ce. Dieffenbachia, mai faffaɗan ganye da ɗigon fari da ake gani a ofisoshi, tana ƙona baki da maƙogwaro. Mafi muni su ne furannin Lilium da ke zuwa cikin damin furen biki: ko garin furen kyanwa ta lasa daga gashinta, ko ta sha ruwan kwalbar da aka tsoma su, ƙodarta na iya tsayawa cikin kwana ɗaya zuwa uku, kuma idan aka wuce sa'o'i 18 ba magani, da wuya ta dawo.

Don raba kyanwa da tukunyar furen balan-balan, rufe saman ƙasar da tsakuwa masu girman ƙwan zabo, ba za ta iya tono ko yin kashi a ciki ba, saiwar ma ta ɓoyu. Sannan ka shuka mata nata: alkama cikin tafin hannu ɗaya, wadda ba a yi wa magani ba, a jiƙa dare ɗaya, a watsa a faffaɗan kwano, cikin mako guda za ta samu ciyawar tauna. Ban da dawa. Sabon tsiron dawa yana da guba, makiyaya sun san abin da yake yi wa tumaki.

Renonsa a Accra da Kumasi

Gaskiyar da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba ita ce wannan tsiron ƙasar sanyi ne. A can yana fure da bazararsu, samansa ya bushe idan hunturu ya shigo, saiwar ta kwanta barci a ƙarƙashin ƙasa, ta sake tohowa bayan watanni. Mu ba mu da irin wannan sanyin. Don haka a ɗauke shi a matsayin furen shekara ɗaya, in ya kai ta biyu riba ce. Kumasi ta ɗan fi Accra sanyin dare, tudun Aburi ya fi su duka, amma Kumasi na samun ruwan sama kusan ninki biyu na Accra, kuma ruwa ya fi rana kashe shi.

Zaɓi gajerun iri kamar Astra ko Sentimental Blue, masu tsayin santimita 15 zuwa 25, su ne ke yin fure a shekarar farko daga iri. Dogayen suna wuce santimita 60, iskar damina ta kwantar da su. Wanda zai shigo da iri daga waje ya fara neman izinin hukumar kare tsirrai ta PPRSD da ke Pokuase.

A tukunya za a shuka shi, ba a ƙasa ba. Saiwarsa doguwa ce mai kauri kamar farin karas, tana son zurfi, kuma ta ƙi jinin a taɓa ta. Nemi tukunyar ƙasa ko bokiti mai zurfin santimita 25 zuwa 30, da ƙofofi biyar ko shida a ƙasa, a ɗora a kan bulo biyu. Haɗin ƙasar: olonka (gwangwanin awo) 2 na baƙar ƙasa, 1 na yashin rafi mai tsakuwa, 1 na ruɓaɓɓen taki ko ƙonannen ƙaiƙayin shinkafa. Yashin bakin teku yana da gishiri. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyar dusar katako irin ta kasuwar katako ta Sokoban a Kumasi kuma tana janye abincin ƙasa har ganye ya yi rawaya, sai sun ruɓe tukuna.

Irin yana buƙatar haske kafin ya tsira. Ɗora ƙwaya uku ko huɗu a saman ƙasa mai ɗanshi, danna da yatsa, kada ka binne. Yayyafa ruwa da abin feshi, zubawa da kofi zai wanke su zuwa gefe. Yana fitowa cikin mako 2 zuwa 3, ya fi son zafin da bai wuce digiri 24 ba, shi ya sa ƙarshen Yuni zuwa Yuli, lokacin da gari ke lulluɓe, ya fi dacewa. Shukar Fabrairu da Maris asarar iri ce. Idan sun yi ganye huɗu, a bar mai ƙarfi ɗaya ko biyu, a yanke sauran da almakashi, tugewa yana girgiza na kusa.

Wurin zamansa inda ranar safe ke bugawa har wajen ƙarfe 11, daga nan inuwa. A gidan haya mai siminti da kwanon rufi, jikin bangon da ke kallon gabas ya fi. Ban ruwa sai an tsoma yatsa: in gaɓa biyu na sama sun bushe, a zuba har ya fito ta ƙasa, in da ɗanshi a bari. Daga Mayu zuwa Yuni, lokacin da ruwan sama ya fi yawa, a ja tukunyar ƙarƙashin rumfa. Tsiron da ya yi yaushi alhali ƙasarsa jiƙe take, ba ƙishirwa yake ji ba, saiwarsa ce ke ruɓewa, ƙarin ruwa zai ƙarasa shi. Takin NPK 15-15-15 rabin cokalin shayi a wata ya isa, a gefen tukunya. Ya yi yawa, sai ganye ba fure. Katantanwa a tsince su da hannu da daddare, farin ƙwaro mai auduga kuma a goge shi da ruwan sabulu kaɗan. Furen da ya bushe a cire shi shi kaɗai, sabon toho na nan dab da shi.

Idan samansa ya bushe bayan fure, ba lallai ya mutu ba. Tona a hankali: saiwa mai tauri tana da rai. Ana iya gwada yi mata hunturun ƙarya, a sa ta cikin yashi mai ɗan ɗanshi a leda, a ajiye a ƙasan firiji, ba wurin ƙanƙara ba, mako 6 zuwa 8, sannan a mayar da ita tukunya. Ba kullum take tashi ba, kuma in an yi ta ɗauke wuta lissafin ya rushe.

Cin saiwar

A Koriya kayan miya ce ta yau da kullum, tana cikin ganyayyakin da ake ɗorawa a kan bibimbap, wato shinkafarsu mai haɗin ganye, a maganin gargajiyar Caina kuma ana ba da ita don tari da majina. Saiwar shekara 2 zuwa 3 ake haƙa. Ke nan wadda aka rena a Nima ko Aboabo da wuya ta kai girman ci, wadda aka sayo daga mai furanni kuwa ba a san abin da aka fesa mata ba, ba ta shiga tukunyar miya. Mai son ɗanɗanawa ya tambayi busasshiyar doraji a shagunan kayan abincin Koriya, Tema ta daɗe da 'yan ƙasar saboda sana'ar kamun kifi.

Ba a cin ta kai tsaye. Busasshiya a jiƙa ta dare ɗaya. Ɗanya a fere ta, a tsaga siri-siri tsawon ɗan yatsa. Ga giram 200 a zuba babban cokali ɗaya na gishiri mai tsakuwa, a murza da hannu minti uku kamar ana wanke tumbi, har ta yi laushi ta fitar da kumfa. A ɗauraye sau biyu ko uku, a tsoma a tafasasshen ruwa minti 1 zuwa 2, a matse. A ɗanɗana: ɗan ɗaci kamar na gauta shi ne daidai, in yana kama maƙogwaro a sake murzawa. Sai a soya minti biyar da man riɗi, tafarnuwa da ganyen albasa. Mai gyambon ciki, mai juna biyu da mai shan magani kullum su ji ta bakin likita tukuna. Ruwan da aka jiƙa ta a zubar da shi a magudana nan take, ragowar abincin kuma kada a kankare wa kyanwa a kwanonta, tafarnuwa da albasar da ke ciki suna lalata mata jini.