Yadda za ka sayi tsofaffin wasannin da aka sabunta, ka buga su har ƙarshe

A ɗakin yayana, a unguwarmu ta Shari' Mansur a Makka, na fara ganin wasan bidiyo na Tomb Raider. Mu biyar muke zagaye talabijin ɗaya, hannun sarrafa wasa ɗaya tal, wanda ya faɗa rami ya miƙa wa na kusa da shi. Yanzu ina zaune a Jidda da iyalina, kuma watannin baya ɗan ƙanwata ya zo mini da ƙorafi. Ya sayi sabon fitowar wasan a Soninsa, kamar yadda kowa ke kiran PlayStation a nan, ya buga awa guda ya ajiye. Ya ce, "Kawu, wannan matar ba ta jin magana, ina cewa ta yi tsalle sai ta faɗa." Na zauna da shi dare uku. Abin da na koya masa shi zan rubuta.

Kafin ka fitar da riyal ko ɗaya, san abin da kake saye. Wasan da aka yi wa rimasta tsohon wasan ne da ƙashinsa da jijiyarsa, hoto kawai aka wanke, aka sa ya yi aiki a sabuwar na'ura. Wanda aka yi wa rimek kuwa rushe shi aka yi aka sake gini, kamar Shadow of the Colossus na 2018. Tarin da nake magana a kansu duk na farkon ne. Tomb Raider I-III Remastered ya fito ranar 14 ga Fabrairu 2024 daga kamfanin Aspyr, yana ɗauke da wasanni uku da Core Design ta yi a garin Dabi na Ingila a 1996 da 1997 da 1998, haɗe da ƙarin matakan da a da masu kwamfuta kaɗai suka samu. Shekara guda bayan haka aka fitar da tari na biyu, na huɗu zuwa na shida. Sai Uncharted: The Nathan Drake Collection na 2015, wasanni uku na 2007 da 2009 da 2011 a faifai ɗaya na PS4, wanda PS5 ma tana karantawa.

Maganar saye tana da tarko biyu. Na farko, duba na'urarka: idan PS5 ɗinka marar ramin faifai ce, shirit ɗin, wato faifan wasa, da ka gani da araha a Haraj, kasuwar kayan hannu, ba zai amfane ka ba, sai dai ka saya daga shagon intanet na cikin na'urar. Na biyu shi ya fi cin kuɗin mutanenmu. Asusun PlayStation yana ɗaure da ƙasar da aka zaɓa ranar buɗe shi, ba a kuma canza ta. Da yawa daga cikinmu wani yaro ne ya buɗe mana asusun, ya sa Amurka ko Ingila, mun manta. Katin kuɗin da ka saya a Jarir ko wani shago, idan na shagon Saudiyya ne, ba zai shiga asusun Amurka ba. Ka duba ƙasar asusunka tukuna, sannan ka faɗa wa mai shago irin katin da kake so. Faifan wasa shi ba ruwansa da ƙasa, amma duk wani ƙari da za a sauke masa sai daga shagon yankin da faifan ya fito. Idan na hannu za ka saya, juya bayansa a haske ka duba ƙarzuwa a gaban mai shi.

Wanda bai taɓa buga tsohon wasa ba, ya fara da Uncharted. Yana ajiye maka wurinka da kansa, yana nuna maka hanya, kuma an ƙara masa mataki mai sauƙi ƙwarai don sabon shiga. Ka bi su a jere. Na farkon ya ɗan tsufa, harbe-harbensa sun yi yawa, amma gajere ne. Na ukun ya taɓa ni sosai, domin jirgin sama ya faɗi da jarumin a tsakiyar Rub'ul Khali, hamadar da ta mamaye kudancin ƙasar nan har cikin Yaman da Oman da Hadaddiyar Daular Larabawa, yana neman birnin Iram mai ginshiƙai wanda sunansa ya zo a Suratul Fajr. Birnin da suka zana ƙirƙirarsu ce, na kuma faɗa wa yaran hakan tun kafin su tambaya, amma yashin da ƙishirwar sun kama su yadda ya kamata.

Yanzu Tomb Raider, inda ɗan ƙanwata ya maƙale.

Tarin ya ba ka salon sarrafawa biyu, na da da na zamani. Kowa na zamani yake ruga wa, ni kuma ina roƙonka ka koma na da, ka ba shi kwana biyu. Dalilin yana cikin ginin wasan. Duniyarsa gaba ɗaya an shimfiɗa ta ne da murabba'ai masu girma ɗaya, kamar tayil ɗin tsakar gida, kuma kowane motsi na Lara, jarumar wasan, an auna shi da wannan tayil. A salon da, ka danna gaba ta tafi inda fuskarta take kallo, hagu da dama juya ta kawai suke yi. Yana da nauyi a hannu da farko, amma shi ne ma'aunin da aka gina kowane rami da shi.

Ga tsallen da rabin wasan ya dogara a kai. Riƙe maɓallin tafiya a hankali ka taka har bakin ramin. Muddin kana riƙe da shi, ba za ta taɓa faɗawa ba, za ta tsaya cak. Saki maɓallin. Danna baya sau ɗaya, za ta yi ɗan tsalle da baya. Wannan tazarar ita ce daidai gudun da take bukata. Sai ka danna gaba, ka danna tsalle nan take ka riƙe, kada ka jira sai ta kai baki, ita za ta tashi a inda ya dace. Tana sama ka riƙe maɓallin kamawa, in ƙafa ba ta kai ba hannu zai kai. Ɗan ƙanwata jira yake sai ta iso bakin ramin sannan ya danna, kamar yadda sababbin wasanni suka saba masa, shi ya sa take wucewa ta faɗa. Da ya gane wannan, a dare ɗaya ya ƙetare kogwannin Peru da wasan farko ya fara da su.

Kada ka tsallake gidan Lara da ke cikin jerin zaɓi. Filin horo ne, ba maƙiyin da zai kawo maka hari a ciki. Yi rabin awa kana maimaita tsalle har yatsunka su haddace.

Abu na gaba shi ne ajiya. Kada ka dogara ga wasan ya ajiye maka da kansa. Kana iya ajiyewa a duk inda kake, to ka riƙa yi kafin kowane babban tsalle, bayan kowane makulli da ka ɗauka, da duk lokacin da aka kira salla za ka tashi. Amma kada ka riƙa danne ajiya ɗaya. Na taɓa ajiyewa a jirgin ruwan da ya nutse a wasa na biyu, numfashinta ya kusa ƙarewa, ba iska a kusa. Duk lodawa sai ta mutu, dole na sake matakin daga farko. Tun daga ranar ina juya ajiya uku, ɗaya a farkon mataki ba na taɓa ta.

Akwai maɓalli guda da ke sauya hoto tsakanin sabo da tsoho nan take, kana cikin tafiya. Ba don tuna baya kawai yake da amfani ba. Sabon hoton ya fi kyau da santsi, amma wasu ɗakunan sun yi duhu, ƙaramin makulli yakan ɓace a ƙasa. Ka danna tsohon, sai ka ga abin ya fito fili, bakin dutsen da za a kama ma ya fi bayyana. Ni da sabon nake tafiya, da tsohon nake bincike. Haka yanayin ɗaukar hoto: yana tsayar da wasan ya sakar maka kyamara, sai ka leƙa saman gini ko bayan kwana kafin ka jefa kanka. Daga wasa na biyu akwai sandunan haske da take kunnawa. Ƙidayayyu ne, kada ka ƙone su a banza.

Ka fara da na 1996, Peru zuwa Girka zuwa Masar. Na biyu ya fi yawan faɗa da mutane, daga Ganuwar Sin zuwa Banis da Tibet. Na uku ka bar shi ƙarshe, shi ya fi tsanani, tun daga gangaren farko a dajin Indiya tarko ke jiran ka. Na huɗu kusan dukkansa a Masar yake, Karnak da Iskandariya da Alƙahira da Giza, kuma matakansa a haɗe suke, kana komawa baya da abin da ka samo, don haka ajiye takarda kusa ka rubuta ƙofar da ka bari a kulle.

Iyaye su duba lambar shekarun da ke jikin kwali. Akwai harbi da jini, kuma tarin farko yana buɗewa da sanarwar cewa an bar wasu siffofi masu cin zarafin ƙabilu yadda suke a asali. Ni ina zama tare da yaran a irin waɗannan wuraren, mu yi magana a kai.

Na'urar kuma kada a kulle ta a durowar talabijin. Zafin Jidda da ƙura ba sa raga mata. Bar mata sarari a baya, ka share ramukan iskarta duk wata. Ɗan ƙanwata yanzu yana Masar a wasan farko, ranar Alhamis bayan Isha zai zo da hannunsa mu shiga Atlantis, sashen ƙarshe na wasan, tare.