Hujin cibiya: kurakuran da ke sa jiki ya turo ƙarfe waje

Babban kuskure shi ne ɗaukar cibiya kamar kunne. Hujin kunne yakan warke cikin sati 6 zuwa 8, na cibiya kuwa sai ya ci wata 6 zuwa shekara guda, domin wuri ne da ke naɗewa duk sanda kika zauna ko kika sunkuya. Bakinsa zai yi kamar ya warke tun wata na biyu, alhali ciki ɗanye ne. Kada ki canza ƙarfe a lokacin.

Sai wanki. Da wurin ya ɗan yi ja, sai a ɗauko sifirit, Dettol ko aidin, wata ma har ta gasa shi da ruwan zafi da tsumma. Duk waɗannan ƙona sabuwar fata suke yi. Man shanu da ake shafa wa hujin kunnen jarirai da Vaseline kuma toshe ramin suke, ƙura ta manne. Ki nemi ruwan gishirin da ake ƙarin ruwa da shi, mai 0.9%, a kemis. Ki wanke hannu, ki jiƙa bandeji mai tsabta, ki ɗora minti 5, ki tsane wurin ya bushe, safe da dare. Ana iya haɗa na gida, kwatan ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na tafasasshen ruwa da ya huce, amma na fi yarda da na kemis, don hannunmu yana da nauyi wajen gishiri.

Juya ƙarfe wai kada ya kama: ki daina. Fararen ɓawon da ke bushewa a jikinsa ba mugunya ba ce, ki bari ruwan gishiri ya jiƙa shi ya faɗi.

Ɗaurin zani a kan cibiya, da siket mai matse ƙugu, suna danna ƙarfen wuni guda, ga gumin Afrilu da Mayu na Kano. Ki sauke ɗaurin ƙasa da cibiya.

Ƙarfen kansa fa? Na kwalliya mai arha yawanci akwai wani nau'in ƙarfe da ake kira nikel a ciki, shi ke kawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Ki sa na ƙarfen da ake kira titaniyom ko na zinari mai karat 14 zuwa sama, lanƙwasasshe, kaurin milimita 1.6. Siriri yanka fata yake kamar zare a sabulu. Mai reto da duwatsu ki ajiye shi sai an warke.

To, ga wanda ya fi ba ni haushi: a ga jiki yana ƙin ƙarfe, a ce ai haushi ne kawai wurin ya yi, a ƙara wanki. Haba! Wurin da aka fama yakan yi ja da ɗan kumburi, ya lafa cikin kwanaki da zarar an cire abin da ke damunsa. Ƙarfen da jiki ya ƙi kuwa tafiya yake yi zuwa waje. Tazarar da ke tsakanin ramin sama da na ƙasa tana raguwa, sandar ƙarfen tana ƙara fitowa fili, fatar da ke kanta ta yi siriri tana sheƙi ko tana saɓa, har ki hango inuwar ƙarfen ta cikinta. Sau da yawa ma babu zafi, shi ya sa ake ruɗuwa. Dabarar da nake ba kowa: hoto ɗaya duk Juma'a, a tsaye, da rula a gefe. Ido yana mantuwa. In fatar ta koma ƙasa da milimita 6 kuma tana ci gaba da raguwa, a cire. Babu man da zai mayar da ƙarfen baya. Wadda ta jira ya yaga fatar da kansa, tsagaggen tabo za ta samu, kuma sake huji a wurin zai yi wuya.

Amma in wurin ya ɗauki zafi, kumburi yana yaɗuwa, mugunya ruwan ɗorawa ko koriya tana fita da wari, ko zazzaɓi ya shigo, wannan ƙwayar cuta ce. A nan kada ki zare ƙarfen da kanki, don ramin zai iya rufewa a kan mugunyar ya zama maruru. Ki je asibiti a ranar, ki buɗe wa likita ta gani ko da kina jin kunya, ki bar sayen kafso a kemis da ka.