Yadda ake shuka na'ana'a a tsakar gida a Katsina

Na'ana'ar da ake saye ƙulli-ƙulli wurin masu kayan miya ba ta kwana biyu sai ta yi baƙi ta lanƙwashe, balle in zafi ya shigo. Alhali daga wannan ƙullin da ke hannunka za ka iya samun wadda za ka yi ta tsinka shekara da shekaru. Ba sai da gona ba, ba sai da iri ba. Ruwa take so da inuwar rana tsaka, kuma nan ne duk wahalarta take a ƙasar rairayi irin tamu, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40.

Saboda haka a fara da lokaci. Ni a ganina ƙarshen damina ya fi, wato Satumba zuwa Oktoba, ko kuma cikin hunturu kafin Fabrairu ya fita. Wanda ya dasa a tsakiyar bazara ya haɗa ƙaramin tsiro da ranar da ta fi ƙarfinsa.

Da ka sayo ƙullin, ware rassa masu ƙwari, kore shar, waɗanda ba su yi fure ba, tsawon santimita 10 zuwa 15. Duba jikin reshen za ka ga gaɓoɓi inda ganye ke fita biyu-biyu. Ka yanke daidai ƙasan gaɓa da reza mai tsabta, ka zage ganyen ƙasa, ka bar huɗu na sama. Sai ka tsoma su a kofin gilashi ko robar ruwa da ka yanke bakinta, ruwan ya rufe gaɓa biyu. Ajiye inda akwai haske amma rana ba ta duka, kana canza ruwan duk bayan kwana biyu. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ka ga farar saiwa siririya kamar zare tana fitowa daga gaɓar. Wanda ya yi baƙi ya yi yauƙi, cire shi kada ya ɓata sauran.

Kafin nan ka tanadi mazubi. Tsohuwar randa da ta tsage ta fi komai, domin ƙasar cikinta ba ta ɗaukar zafi irin na baƙar roba. In babu, bokiti ko jarkar da aka raba biyu ta wadatar. Faɗi ya fi zurfi amfani. Zurfin taƙi ɗaya ya isa. A huda gindin wuri uku ko huɗu. Ban ba da shawarar a zuba ta kai tsaye cikin kwamin alayyafo ko yakuwa ba, domin na'ana'a tana miƙa jijiya ta ƙarƙashin ƙasa, in ta samu lema sai ta mamaye wurin kowa.

Ƙasar jigawa zalla ba za ta yi ba, ruwa wucewa kawai yake yi. Haɗa kashi biyu na ƙasar fadama, ko wadda ka kankaro a gindin itace, da kashi ɗaya na takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe har ya zama gari ba ya wari. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, ɗanyen na shanu kuma gara yake gayyatowa.

Dashe da yamma ake yi, bayan la'asar. Yi rami da yatsa, sa reshen har gaɓa biyu su nutse, danna ƙasar a hankali, ka ba shi ruwa har ya ɗigo ta ƙasa. Rassa uku ko huɗu sun ishi bokiti ɗaya. Rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi don ta riƙe danshi. Wurin ajiyewa kuwa, nemi gindin katangar da ke kallon gabas, ta sha ranar safe zuwa hantsi, da azahar inuwa ta rufe ta. Gefen inuwar bedi ma yana yi.

Ban ruwa shi ne aikin kullum. Tura yatsa cikin ƙasar. In ka ji ta bushe zuwa gaɓar farko, ba ta ruwa. Da hunturu sau ɗaya a rana kan isa, da bazara sai safe da yamma. Na san a unguwanni da yawa ruwan nan daga hannun 'yan garuwa yake fitowa, to ba sai ka ƙara sayen jarka ba: a riƙa tara ruwan alwala da na wanke shinkafa ko ganye a roba. Ruwan omo da na wanke-wanke mai maiƙo ne kawai ba a zuba mata. Da damina kuma a ɗora mazubin kan bulo, a duba ramukan ba su toshe ba, don ruwan da ya kwanta ruɓar da saiwa yake yi.

Idan ta kai tsawon taƙi, fara tsinke kanta. Mutane na jin tausayin yin haka, sai ta miƙe zalau-zalau da ganye ƙalilan. Duk inda ka tsinke a saman gaɓa, rassa biyu ne za su fito. Kada dai ka ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda, kuma in ta fara fure ka cire shi. Bayan shekara jijiya za ta cika mazubin, tsakiya ya mutu. Kifar da shi, raba ta gida uku, sabunta ƙasa, ka ba maƙwabta saura.

Awaki da kaji a yi musu shinge. Darɓa da farin ƙuda kan maƙale a bayan ganye. Wanke su da ruwa, ko ka fesa ruwan ganyen bedi da aka daka aka jiƙa ya kwana. Maganin feshin wake kada ya kusance ta, abin da za ka sha ne.

A shayi, sai an sauke butar ake jefa ganyen a rufe minti biyar. Doguwar tafasa korar ƙamshin take yi. Tana shiga zoɓo da lemun citta na buɗa-baki. In ta yi yawa a shanya a inuwa, a adana a kwalba mai murfi.

Akwai wata 'yar uwarta da ya wajaba a sani, wadda Turawa ke kira feniroyal, 'yan Maroko kuma filiyo. Asalinta Turai ne da Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya. Ganyenta ƙanana ne, ba su wuce farcen yatsa ba, tana rarrafe a ƙasa, furenta mai launin shuɗi-shuɗi yana fitowa dunƙule-dunƙule a jere a jikin reshe, ƙamshinta kuma ya fi na na'ana'a kaifi. Shukarta duk ɗaya ce da abin da na bayyana, sai dai ta fi son danshi. Tun zamanin Romawa ana amfani da ita wajen korar ƙuma, kuma iyakar abin da zan ce a yi da ita ke nan: a busar, a ƙulle a tsumma, a sa a akwatin kaya ko lungun ɗaki inda yara ba sa kaiwa. Ba ta maye gurbin gidan sauro.

Kada a sa ta a shayi. Tana ɗauke da wani sinadari mai suna fulegon da ke lalata hanta, kuma man da ake tatsa daga jikinta, cokali ɗaya na iya kashe babban mutum. A Amurka an samu jarirai da hantarsu ta lalace bayan an ba su shayinta, har da wanda ya rasu. Mai juna biyu da mai shayarwa su yi nesa da ita, kuma kada a shafa manta a jikin mutum ko kare ko kyanwa. In za ka shuka ta, ware mata mazubi dabam, ka yi masa alama da fenti, ka sanar da duk mutanen gidan. Wanda ya sha manta bisa kuskure a garzaya da shi asibiti nan take ko da yana ganin lafiyarsa ƙalau, domin illar hantar kan ɗauki sa'o'i kafin ta bayyana, kuma a tafi da kwalbar a nuna wa likita.