Yadda Mai Cinikin Yini Zai Tantance Farashin da Yake Gani a Allonsa

Mai cinikin yini, wato wanda yake saye ya sayar cikin rana guda ba tare da ya bar cinikinsa ya kwana ba, yana yanke hukunci ne bisa lambobin da suke motsi a allon kwamfutarsa ko wayarsa. Waɗannan lambobi rahoto ne da ya bi ta hannaye da dama kafin ya iso gare shi: daga kasuwar da aka ƙulla cinikin, zuwa kamfanin da ke tattara bayanai, zuwa dandalin da ke zana jadawalin farashi, sannan ta layin intanet. A kowane zango ana iya samun jinkiri, ko ragi, ko kuskure, kuma wanda ribarsa ta dogara da ɗan ƙaramin motsin farashi shi ne ya fi kowa cutuwa da hakan. Saboda haka wajibi ne ka gwada bayananka kafin ka ɗora kuɗinka a kansu.

Ka fara da gano inda farashin ya fito. Dandamali da yawa na kyauta suna nuna farashin da aka jinkirta da minti 10 zuwa 15, kuma sukan rubuta hakan da ƙananan haruffa kusa da sunan hajar. Wannan jinkiri ba ya damun mai ajiye hannun jari na shekaru, amma bai da amfani ga wanda zai shiga ya fita cikin minti biyar. Akwai kuma matsalar da ta fi wannan ɓoyuwa. A Amurka ana cinikin hannun jari guda a kasuwanni fiye da goma a lokaci ɗaya, irin su NYSE da Nasdaq da Cboe, kuma akwai tsarin da ake kira SIP wanda yake haɗa farashinsu duka wuri guda. Wasu dandamali suna ba da farashi kai tsaye ba jinkiri, amma daga kasuwa ɗaya tak, don haka yawan cinikin da za ka gani ƙaramin kaso ne na ainihin abin da aka yi, kuma ƙololuwar farashin rana ko ƙasansa suna iya saɓa wa na haƙiƙa. Idan dabararka ta dogara da yawan ciniki, biyan kuɗin cikakkun bayanai na wata-wata ya fi maka sauƙi da asarar da guntun bayani zai jawo.

Kasuwar musayar kuɗaɗen ƙasashe lamarinta daban ne, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi ruɗewa. Ba ta da wata cibiya guda da ake yanke farashi a cikinta. Kowane dillali yana haɗa nasa daga bankuna da kamfanonin da yake hulɗa da su. Shi ya sa dillalai biyu za su iya nuna farashin yuro da dala da ɗan bambanci a daƙiƙa guda ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba. Abin da manhaja irin MetaTrader take nunawa a matsayin yawan ciniki ma ƙidayar sau nawa farashi ya canza ne, ba adadin kuɗin da aka musaya ba. Haka lamarin yake a kuɗaɗen kirifto, inda kowace kasuwa take da nata farashin. A ranar 21 ga Oktoba 2021 farashin bitcoin ya faɗi zuwa dala 8,200 na ɗan lokaci a kasuwar kirifto ta Binance.US, alhali a sauran kasuwanni yana sama da dala 60,000. Darasin a nan a fili yake: idan kana nazari a wani dandali kana kuma ciniki ta wani dillali, farashin dillalin shi ne zai shiga asusunka, don haka da shi za ka sanya wurin shiga da wurin fita.

Bayan haka ka san wane farashi ne jadawalinka yake zanawa. A kowane lokaci akwai farashi biyu, na tayi daga masu saye da na sallamawa daga masu sayarwa, kuma tsakaninsu akwai rata. MetaTrader tana zana kyandirorinta, wato siffofin da ke nuna motsin farashi cikin wani tsawon lokaci a jadawali, da farashin tayi ne. Wanda ya buɗe ciniki da sayarwa zai rufe shi ne da saye, wato a farashin sallamawa, saboda haka umarninsa na tsayar da asara, wato na a rufe cinikin idan farashi ya kai iyakar da ya sanya, yana iya aiki alhali kyandir bai taɓa layin ba a ganinsa. Mutane da yawa suna zargin dillali da ha'inci a nan, bayan kuwa ratar ce ta buɗe, kamar yadda take yi lokacin fitar manyan labarai ko wajen ƙarfe 5 na yamma agogon New York sa'ad da ake sauya ranar ciniki. Ka shiga saitin manhajar ka kunna layin farashin sallamawa, domin ka riƙa ganin biyun tare.

Ka duba agogon dandalin kuma. Kyandir na awa huɗu ko na yini guda yana canza siffa gwargwadon lokacin da dandali ya ɗauka a matsayin farkon rana, haka nan jadawalin hannayen jarin Amurka yana bambanta idan an haɗa cinikin da ake yi kafin buɗe kasuwa da ƙarfe 9:30 na safe agogon New York ko an cire shi.

Gwaji na gaskiya ba a yin sa a lokacin da kasuwa take kwance. Ka buɗe majiyoyi biyu masu zaman kansu gefe da gefe, ka daidaita agogon kwamfutarka, sannan ka zuba musu ido a mintunan farko na buɗe kasuwa da kuma lokacin da ake fitar da alƙaluman ayyukan yi na Amurka, wanda yawanci yakan kasance Juma'ar farko ta wata da ƙarfe 8:30 na safe agogon New York. A nan ne za ka ga wanda yake daskarewa, da wanda yake tsallake farashi, da wanda yake biyo baya. Wasu dillalai ba sa aiko da kowane canjin farashi, sai su tattara su aiko sau kaɗan a daƙiƙa, kuma wannan yana iya yanke wutsiyar kyandir, wato siririn layin da ke nuna ƙololuwa ko ƙasan da farashi ya kai. Daga nan ka yi ƙananan ciniki da kuɗi na gaske, domin asusun gwaji yakan cika umarni cikin sauƙin da kasuwa ba ta bayarwa, ka riƙa rubuta farashin da ka gani lokacin da ka danna da farashin da aka cika maka. Bayan makonni wannan rubutu zai gaya maka halin dillalinka fiye da kowace talla. A ganina wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa.

Kada ka manta cewa laifin yakan kasance daga wajenka. Haɗa kwamfuta da kebul ɗin intanet kai tsaye ya fi dogaro da Wi-Fi, kuma buɗe jadawalai da yawa cike da alamomin nazari yana nauyaya na'ura har farashi ya riƙa makara.

Ko manyan kasuwanni ma suna samun tangarɗa. A ranar 22 ga Agusta 2013 Nasdaq ta dakatar da ciniki na kusan awa uku saboda matsala a tsarin rarraba farashi. Kasuwar hannun jari ta Tokyo ta rufe yini guda cur a ranar 1 ga Oktoba 2020 saboda lalacewar na'ura. A ranar 3 ga Yuni 2024 kuma allo ya nuna hannun jarin kamfanin Berkshire Hathaway ya faɗi da fiye da kashi 99 cikin 100, daga baya aka soke cinikin da aka ƙulla a wancan farashi. Don haka idan ka ga farashin da hankali ba zai ɗauka ba, ka duba majiya ta biyu kafin ka taɓa komai, ka kuma ɗauki hoton allon tare da lokaci, domin da shi za ka kai ƙorafi.

Shirin ko-ta-kwana shi ne na ƙarshe. Ka tanadi layin intanet na biyu daga wani kamfani dabam, ka sauke manhajar dillalinka a waya, ka ajiye lambar sashen cinikinsu a inda za ka same ta ko kwamfuta ta mutu. Ka tambaye su a rubuce ko umarnin tsayar da asara yana zaune ne a na'urorinsu ko a taka kwamfutar, domin wanda yake a taka kwamfutar ba zai yi aiki ba da zarar layi ya yanke. Ko wanda yake wurinsu ma ba ya lamunce farashi: a ranar 15 ga Janairu 2015, da Babban Bankin Suwizalan ya janye iyakar 1.20 da ya sanya tsakanin yuro da faran, kuɗin ƙasar, an cika umarnin mutane da yawa nesa ƙwarai da inda suka sanya shi, har wasu suka wayi gari ana bin su bashi. Saboda haka ka ƙayyade girman kowane ciniki yadda asusunka zai iya jure irin wannan tsalle, kuma duk lokacin da majiyoyinka biyu suka saɓa wa juna fiye da yadda ka saba gani, kada ka buɗe sabon ciniki sai sun daidaita.