Kafin ki sayi kujeru a gidan da ba a raba ɗakuna ba

'Yan uwa mata, ga shawara ga mai shirin kama irin gidajen nan na tsoffin masaƙu da aka mayar wurin zama, kamar na unguwar Ancoats a Manchester. Ɗaki ɗaya ne makeke, falo da kicin duk a haɗe, rufi can sama, jan bulo a fili.

Kada ki fara da sayen kujeru. Ki kira mai tsara cikin gida tukuna, ya zo ya auna da kansa. Kuma ki faɗa masa gaskiyar zamanki: kina suya da manja, kina sa daddawa a miya, kina son lungun da za ki shimfiɗa sallaya ba a gifta ta gabanki. Ni kunya ta hana ni faɗa, sai da labule da kushin suka kama warin girki na dawo neman na'urar zuƙe hayaƙi mai ƙarfi.

Babban kafet shi zai ware miki falo, ya kuma rage amsa-kuwwa. Kantar littattafai marar baya tana kare gado, haske kuma yana wucewa.

Kuɗin aikin mai tsara gidan daban, kuɗin kaya daban, ku rubuta kafin a fara.