Yadda za ka haɗa ɗan lambu a bayan gida ka huta da cefanen kayan miya

Jama'a duk mai ɗan fili a bayan ɗaki, ko taku biyar ne, zai iya fitar da kayan miyar gidansa. Amma kafin ka sayi iri ko na naira ɗaya fara da danga. Da kaka in kara ya wadata, a kafa darni mai tsayi a toshe ƙasansa da ƙaya, don akuya ɗaya in ta faɗa ciki kafin ka idar da sallar la'asar ta gama da aikin wata guda, kaji kuwa tonon iri ne sana'arsu.

Sai ƙasa. A kafce da fartanya sosai a yi fangali ƙanana masu ɗan zurfi yadda ruwa zai zauna a ciki, musamman mutanenmu na wajen Gumel da Kazaure da ƙasarsu jigawa ce tana shanye ruwa nan da nan. A zuba takin gida, kashin awaki ko na shanu wanda ya riga ya ruɓe ya huce. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka wallahi, a tara shi gefe ana yayyafa masa ruwa sai ya yi baƙi tukunna. Wanda ba shi da fili ya cika tsohon buhu da ƙasa da taki ya huda gindin, yana yi.

Tumatir dai ɗan sanyi ne, nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Ka duba manoman Kadawa da Kura da Haɗeja, da hunturu suke cika kasuwar 'Yan Kaba da kwanduna, in bazara ta shigo zafi ke kaɗe furen kuma lokacin ne tsutsar nan da ake cewa sharon ta fi ɓarna, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano a 2016. Toh ka yafa irinka wajen watan Oktoba a ɗan fangali daban, ka rufe da ciyawa har ya tsiro sannan ka yaye, bayan sati 3 zuwa 4 ka cire ka dasa da yamma bayan rana ta yi sanyi, ka bar kamar taku ɗaya da rabi tsakani, ka ba shi ruwa nan take. Attaruhu da tattasai ma haka ake musu sai dai sun fi daɗewa a wajen reno. Albasa ma da sanyin take so.

Ban ruwa safe ko yamma, a gindi za ka zuba, kada ka riƙa watsa wa ganye. Kuma kar a yi yau a cika gobe a manta, shi ke sa tumatir tsagewa ko gindinsa ya yi baƙi. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk a juye can, na omo dai a'a.

In ka ga ƙwari, daka 'ya'yan darbejiya ka jiƙa su kwana ka tace ka yayyafa da yamma, toka ma tana taimakawa a kan kuɓewa. Ganyen da ka ga ya yi farin zane kamar an bi cikinsa, tsinke shi ka ƙona. Ni ban cika son feshin kanti a lambun gida ba, yara suna shiga su tsinka su kai baki ba wanki.

Wajen ɗiba kuma akwai wayo. Alayyahu sati 3 zuwa 4 ya isa, amma kada uwargida ta tumɓuke, ta yanka sama ta bar gindin zai sake tohowa. Kuɓewa tana fara 'ya'ya wajen wata biyu, daga nan duk bayan kwana biyu a zaga a tsinke tun tana ɗanya shataf, in aka bari ta ƙosa a jiki uwar sai ta rage haihuwa, wadda ta yi yawa a yanka a shanya. Tumatir a cire da safe da ya fara ja, in ya yi yawa a tsaga a yi kauɗa a kan tabarma ko zana, ba a ƙasa ba saboda yashi. Albasa sai ganyenta ya kwanta, a daina ba ta ruwa kwanaki kafin a cire, a bar ta ta sha iska a inuwa.

A kusurwa a saka zogale, da ya kai ƙirji a datse kansa ya yi rassa, in ba haka ba zai miƙe sama sai da tsani. Gwanda kuma a shuka uku a rami ɗaya don akwai namiji da ba ya haihuwa, in sun yi fure a gane, namijin furensa jere yake a doguwar sanda, a sare mazan a bar namiji guda ɗaya kawai a lambun. Kada ruwa ya kwanta a gindinta, ruɓewa take.